Jinjina ga Masu Tsara Wasan Half-Life

Sau da yawa masu wasannin bidiyo kan danna maɓalli su tsallake fitowar labari, wato gajeren fim ɗin da ake sakawa a tsakiyar wasa, wanda ke karɓe ragama daga hannun mai wasa ya mai da shi ɗan kallo. Ma'aikatan kamfanin Valve na Amurka sun cancanci yabo kan yadda suka magance wannan ƙosawa a wasan Half-Life na shekarar 1998, inda marubuci Marc Laidlaw da abokan aikinsa suka saƙa labarin cikin wasan kansa, komai na faruwa a gaban idon jarumin, Gordon Freeman, alhali ragamar na hannun mai wasa. Aikin gwanaye ne, domin kusan ba su bar abin tsallakewa ba.