Ciwon da ba ya ɓata kwalliya

Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya Kal Ho Naa Ho na 2003 zai tuna Aman, wanda Shah Rukh Khan ya fito a matsayinsa. Saurayi ne mai ciwon zuciya na ajali, amma yana tiƙar rawa, yana barkwanci, har yana ƙulla aure tsakanin wadda yake so da wani. Ko a gadon asibiti fuskarsa fes take. Mun sha kuka, ba ƙarya. Amma wane irin ciwon zuciya ne wannan?

Idan zuciya ta gaza harba jini yadda ya kamata, ruwa kan taru a huhu da ƙafafu. Mutum ya kumbura, numfashi ya yi wuya, kwanciya rigingine ta gagara, ɗan tattaki kaɗan sai haki. Wanda ya kai wannan mataki, ina shi ina rawa?

Wannan salon tsoho ne. A Turai ta ƙarni na 19 tarin fuka ya yi ta kashe matasa, sai marubuta suka mai da alamominsa ado: rama ta zama siranta, ƙarancin jini ya zama hasken fata, jan kumatun zazzaɓi ya zama kwalliya. A wasan waƙe na La Traviata da Verdi ya fitar a 1853, Violetta na rera waƙa har numfashinta na ƙarshe, da huhun da cuta ta cinye. A 1882 Robert Koch ya gano cewa ƙwayar bakteriya ce ke haddasa tarin, amma salon bai mutu ba. Daga baya ya koma kan ciwon daji, kamar a fim ɗin Love Story na 1970.

Wani zai ce ai fim ne kawai. To, amma a fim mutane da yawa ke fara ganin yadda mutuwa take. Ranar da uwa ko miji ya kwanta, sai ga amai, gyambon kwanciya, ruɗewa da faɗa babu dalili. Mai jinya ya ɗauka shi ne ya gaza, marar lafiya kuma ya riƙa jin kunyar jikinsa, yana ɓoye raɗaɗin da ke da magani.

Mai ba da labari yana da damar sa mu kuka. Abin da muke nema shi ne ya bar marar lafiya ya rame, ya yi fushi, ya ji tsoro, kuma a ci gaba da son sa a hakan.