Mai Bin Sawun Sabis a Dole Kaina

Dole Kaina gari ne na bakin kogin Kwara, can ƙuryar Jihar Kebbi inda iyakokin Najeriya da Nijar da Benin suka haɗa kai. Naira da sefa na yawo a kasuwa ɗaya, haka ma sabis ɗin waya na ƙasashe uku ya cakuɗe a iska ɗaya. Yara biyu masu buga ƙwallo a PlayStation kan talabijin guda ba ruwansu da intanet. Amma ranar da na'urar ta nemi sabuntawa, ko aka so karawa da wani a Birnin Kebbi ko Kano, sai allo ya ce haɗi ya ƙi. A nan ake gane wanda ya iya.

Mai son jiki ya kan kashe ya kunna sau uku, ya ɗan bubbuga na'urar, ya ce "sabis ne babu," ya koma inuwa. Gwani kuwa, wanda galibi saurayi ne mai gyaran waya a kasuwa, ba ya ma taɓa na'urar da farko. Tambaya yake yi: "Maigida, yaushe ta daina? Me aka sauya jiya?" Ya san intanet ɗin yakan bi tashoshi kafin ya iso allo: daga ƙarfen sabis zuwa layi, daga layi zuwa MiFi ko wayar da ke raba data, daga nan zuwa na'ura. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar manomin fadama da ruwa ya daina zuba masa, ya faro daga bakin kogi yana shafa tiyo har ya iske inda ya lanƙwashe.

Abu mafi arha yake fara dubawa. Ya danna *323# ya ga ko data ta ƙare, don sabuntawa guda na iya lashe ta wata ɗaya cikin dare. In da saura, sai ya kalli sunan kamfanin da ke saman allon wayar, kuma wannan ilimi ne na 'yan iyaka. Layin MTN ko Airtel na Najeriya, in an bar shi ya zaɓa da kansa, yakan saki ƙarfen gida in ya raunana, ya kama na tsallake, na Benin ko na Nijar. Sandunan sabis za su cika fal, amma datar da aka saya a Najeriya ba ta aiki a can. Sai gwanin ya shiga saitin, ya hana layin zaɓen kansa, ya jira jerin sunaye ya fito, ya ɗaure shi a kan na gida. Sau da yawa aikin ya ƙare ke nan.

In bai ƙare ba, sai ya ɗauki MiFi ɗin a tafin hannu ya fara tafiya a hankali. Ina son kallon wannan tafiyar. Idonsa na kan ƙaramin harafin da ke gefen sanduna: E na nufin tafiyar hawainiya, H da ɗan dama, 4G shi ake nema. Rufin kwano na tare sigina, don haka yakan nufi taga, ya ɗaga hannu, ya tsaya cik ya ƙirga goma, domin sanduna ba sa sauyawa nan take. Ya juya gabas, ya sake tsayawa. Inda harafin ya zauna daram, nan zai kafa ƙusa ya rataye shi, a inuwa, saboda zafin rana na kumbura batir ya kuma sa na'urar ta riƙa yankewa. Daga nan ya gwada buɗe shafi a wata wayar. In ta buɗe, ya wanke layi da MiFi daga zargi.

Yanzu ne yake ɗaukar hannun gem. A cikin saitin PS4 akwai gwajin haɗi da ke fito da sakamako layi-layi, shi kuma yana karanta inda ya tsaya. In ya faɗi a layin farko, wato samun lambar IP, adireshin da MiFi ke bai wa kowane abin da ya shigo masa, to matsalar na cikin ɗakin. Ko an yi kuskuren harafi a kalmar sirri, ko wayoyin maƙwabta sun cike guraben suna kallon TikTok. Ya kore su, ya sauya kalmar. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: waifai hanya biyu gare shi, 2.4 da 5 GHz. PS4 na farko, na 2013, hanyar 2.4 kaɗai yake gani. Sai Slim da Pro na 2016 ne ke ganin duka biyun. Wayar zamani da ke raba data a kan 5 za ta zama kamar babu ita a wurin tsohuwar na'ura. Gwanin ya juya akwatin ya dubi ƙirarsa, ya koma waya ya sauya hanya. Ya san kuma hannayen gem ma a kan 2.4 suke magana da na'urar, don haka in an cunkushe ta a bayan talabijin da tarin wayoyi, yakan jawo ta fili.

In lambar ta samu amma intanet ya ƙi, sai ya taɓa DNS, wato ma'ajiyar da ke mayar da sunan shafi lambar da na'ura ke ganewa. Ya cire ta kamfanin layi, ya rubuta 8.8.8.8 ta Google ko 1.1.1.1 ta Cloudflare, ya sake gwaji. Bai haɗa sauyi biyu a lokaci guda, don in ta gyaru yana so ya san wanne ne ya gyara ta. Yakan leƙa agogon na'urar ma. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a cikinta da ke riƙe kwanan wata, in ya mutu a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, kwanan watan ya rikice, shiga asusu ya gagara.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin iyakar hannunsa. Gwajin kan nuna nau'in NAT, ɗaya ko biyu ko uku, kuma uku na nufin ƙofa a tsuke, samun abokin karawa da wuya. A layin waya dubban mutane ne ke raba adireshi guda a wajen kamfani, babu maɓallin da za a danna a Dole Kaina ya buɗe ta. Sai dai a gwada wani layin. Haka jinkirin da ke sa ɗan wasa ya buga ƙwallo bayan ta wuce: saƙon sai ya gangara Legas, sau da yawa ya bi igiyar ƙarƙashin teku zuwa Turai ya dawo. Ranar 14 ga Maris 2024, da irin waɗannan igiyoyi suka katse a gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, ba kuma wanda ya isa ya gyara shi daga shago. A irin wannan rana mai gaskiya yakan ce, "Alhaji, riƙe kuɗinka, ba daga nan ba ne."

Ga mai gidan gem da ya gaji da yankewa, shawararsa ɗaya ce: a sayi rauta mai cin layi wadda ke da ƙofar igiya. Gwanin ya auna tazara, ya yanke igiyar, ya feɗe bakinta, siraran wayoyi takwas su fito a murɗe biyu-biyu. Ya warware su da farce, ya jera su bisa launi, ruwan lemo a farko, ruwan ƙasa a ƙarshe, ya daidaita tsawonsu da almakashi, ya tura su cikin kan roba, ya matse da filaya ta musamman har ta yi ƙas. Ɗaya bakin ma haka, jeri iri ɗaya. Ya soka, ya sauya saitin daga waifai zuwa igiya, ya sake gwajin tun daga layin farko.