Warin Rigar Jarumi: Nazarin Kayan Maharba da 'Yan Tauri a Arewacin Kano

Da wuya yanzu ka sami yaro a ƙauyukan Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir ko Ɗambatta wanda bai san Spider-Man ba. Yana jikin jakar makaranta, yana gaban rigar gwanjo, yana cikin wayar yayansa da aka tura wa fim a shagon caji. Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙire shi a Amurka a 1962, kuma abin da ya bambanta shi da sauran jaruman littattafan zane shi ne, igiyar da yake harbawa ba baiwa ba ce. Ɗalibi ne mai son kimiyya, shi ya zauna ya haɗa wani ruwa, ya ƙera abin fesa shi ya ɗaura a wuyan hannu. Marubutansa sun ce zaren dangin leda ne, yana fita ya daskare, bayan kamar awa guda ya narke. Shekara sittin ke nan da 'yan kai masu karatu na musu a kan abin da ke cikin ruwan nan, sai dai duk wanda ya san haɗa sinadarai zai ce maka abu ɗaya: abin da zai fita yana ruwa ya bushe nan take a iska, galibi akan narkar da shi cikin wani sinadari mai saurin tashi, kuma irin waɗannan sinadarai ba sa ɓoye kansu. Da jarumin nan zai gifta ta gabanka, abin da za ka ji bai wuce abin da kake ji a rumfar mai faci in ya buɗe gwangwanin sholisho ba. Takarda ba ta ɗaukar wari, shi ya sa ba a cika tuna wannan ba.

Mu kuwa jarumanmu ba a takarda suke ba, kuma kayansu na da wari. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi ko ɗan tauri ranar kiɗan gangi, bayan an gama girbi an kai amfani gida, ya san haka tun kafin a zare wuƙa. Rigar 'yar shara ce, ba baƙa ba, ba ja ba, launin da rini da hayaƙi da shekaru suka taru suka ba ta. An ɗinke ƙirjinta da layu, wani mai kusurwa huɗu, wani dunƙule, ga ɗan madubi, ga ƙaho, ga wuri. Guru a ƙugu, kambu a damtse, warki a ɗaure. In ya juya iska ta bugo ka, za ka ji fata jemammiya, da ƙaurin itace, da tsohon gumi, da ɗan ƙarnin jini, sai wani turare mai nauyi a ƙarƙashinsu duka. Mutanen gari cewa suke yi warin asiri ne. Ni kuwa ina ganin wannan al'ada tun asalinta al'adar haɗi ce, ta jiƙo da dafuwa da turare, kuma in aka bi warin nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai kai mutum ƙofar wani mai sana'a wanda makaɗi bai taɓa yi wa kirari ba.

Na farko majemi ne. Fatar akuya ɗanya, in an bar ta kwana biyu a zafin bazara, ruɓewa za ta yi. Majemi ya jiƙa ta a ruwan toka ko farar ƙasa gashin ya saki, ya kankare, ya sa ta a ruwan kashin kaji ko na tantabara ta yi laushi, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. A kwanson bagaruwa akwai sinadarin tanin mai yawa, abin nan mai bauri da ke ɗaure harshe. Shi ke kama zaren naman fata ya ɗaure su da juna, har ƙwayoyin ruɓa su kasa cin su. Abin da ya sa layar kaka ke kaiwa hannun jika ke nan. Ja kuma daga karan dafi ake samunsa, wata irin dawa da ake shukawa ba don hatsinta ba sai don jan da ke jikin kubenta, a tashe shi da ruwan toka ko kanwa. Baƙin ya fi ban sha'awa. Baduku ya jiƙa kashin maƙera da wani abu mai zaƙi ya bar shi ya yi tsami. Ruwan ba wani baƙi ne da shi ba, amma da an shafa shi a fatar da ta sha bagaruwa, sai ƙarfen da ke ciki ya gamu da tanin, wurin ya koma baƙi ƙirin a gaban idonka. Da irin wannan gamayya ta ƙarfe da tanin Turawa suka yi tawadar rubutunsu shekaru aru-aru. Tawadar allo kuwa gawayi ce da ƙaro, ƙaron shi ke riƙe ƙurar gawayin kada ta kwanta, shi ya sa take wankuwa a sha.

Inda ilmin ya fi zurfi shi ne dafin kibiya. Ginshiƙinsa a ƙasar Hausa ƙwanƙwani ne, wani tsiro mai hawa bishiya, wanda 'ya'yansa ke fitowa bibbiyu, ƙwayoyin ciki na da gashi mai laushi. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen itatuwa na Hausa ya buga a 1916, ya rubuta shi tare da aikinsa. Abin da ke cikin ƙwayar yana tafiya kai tsaye ga zuciya. A jikin kowace ƙwayar halittar tsokar zuciya akwai wata 'yar ƙofa mai fitar da wani gishiri ta shigo da wani, kuma da wannan musaya bugun ke daidaita. Dafin ya toshe ƙofar, zuciya ta matse ta kasa saki. Ga wani abin da maharba suka sani tun ba a yi ɗakin gwaji ba: dafin nan ta jini yake aiki, hanji ba ya tsotsarsa sosai. Saboda haka ake yanke naman da ke kewaye da bakin kibiya a yar, a gasa sauran a ci lafiya. Tumfafiya da ke kowane kufai a ƙasar Kano ma farin ruwanta na ɗauke da dangin wannan sinadari, kuma ya kamata iyaye su riƙa faɗa wa yara haka.

A nan ne hanci ke yaudara. Sinadarin da ke tsayar da zuciya ba shi da wani wari. Ɗoyin da tukunyar dafi ta yi suna da shi ya fito ne daga abubuwan da ake ƙarawa, kan maciji, kunama, ruɓaɓɓen nama, waɗanda mai haɗi ke ɗauka su ne ƙarfin maganin. Aikinsu bai wuce sa rauni ya ruɓe ba in mutum ya tsira daga na farko. Wato al'adar ta gano gaskiya ta hanyar gwaji na tsawon zamani, amma ba ta tace ta ba, ta bar mai aiki da mara aiki a tukunya ɗaya, ta kuma ba mai wari girman da ya kamaci mara wari.

Wasu ne suka tace. John Kirk, likitan da ya bi David Livingstone a tafiyar kogin Zambezi wajen 1860, ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan ya goge baki da buroshin da ya taɓa ƙwayar wani ɗan'uwan ƙwanƙwani a jakarsa. Thomas Fraser a Edinburgh ya bi diddigi, zuwa 1885 ya gabatar da sinadarin ƙwayar a matsayin maganin ciwon zuciya. A ƙarshen shekarun 1940 ma sai da kamfanonin magani suka turo mutane Afirka ta Yamma neman ƙwayar irin namu, suna fatan haɗa maganin sanyin ƙashi da ita. A tsakanin nan kibiyar na ta aikinta a fagen fama. A Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa. Kariyar da aka fi dogara da ita daga irin wannan kibiya kuwa lifidi ne, wanda Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ya fara kawo shi tare da sulke da kwalkwali, wajen ƙarshen ƙarni na 14. Auduga ce aka cusa aka ɗinke rubi-rubi, ta shanye ƙarfin kibiya ta goge dafin kafin ya kai fata. Mayaƙin da ƙirjinsa ke cike da layu ma yakan sa lifidi in ya samu.

Albarushin bindigar toka ba ya buƙatar dogon bayani. Gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta iska, kuma ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tsayawa a Ƙofar Kudu bayan 'yan bindiga sun buga a hawan Sallah, ragowar farar wutar ce.

Turaren fa? Ana turara rigar da ƙaron hano, da dashi, da kajiji, wani ya shafa mata jibda. Itacen hano, ko ararraɓi, ɗan'uwan itacen lubban ne na ƙasar Larabawa, har masana tsirrai suka laƙaba masa sunan Dalziel. Maharbi zai ce maka ba a wanke rigar da sabulu, in an wanke maganin ya karye, kuma ba a barin mai ƙamshin gari ya taɓa ta. Ina ganin a nan akwai gaskiyar da aka faɗa da harshen asiri. Barewa da gada da hanci suke tsaron ransu. Riga mai warin hayaƙi da ƙaron itace da jinin dabba ta fi rigar da ta sha sabulu ɓoye ɗan Adam, musamman ga wanda ya san ya bi ta ƙarƙashin iska. Ba zan ce wannan shi ne baduhu ko layar zana ba, masu su ba za su yarda ba. Amma in ana neman inda ɓacewa daga ganin dabba take da tushe, to ta hanci ta fara.

Tauri shi ne inda na fi jin nauyin magana, domin 'yan tauri mutane ne da nake ganin girmansu, su ne masu fita in ɓarawo ya shigo gari da dare. Duk da haka babu jiƙon da zai mai da fatar mutum abin da ƙarfe ba zai yanka ba. Abin da ke fagen gangi haɗuwar abubuwa ne: sanin yadda ake riƙe wuƙa da inda ake dora ta, juriya, zafin kiɗa, da sakankancewar da ke cire rawar hannu. Wannan kansa fasaha ce, kuma waƙoƙin Kassu Zurmi sun nuna yadda kiɗa ke iya tsuma namiji har ya manta da jikinsa. Damuwata ita ce abin da ke shiga ƙoƙon tsumi. Ɗacin maɗaci ba ya kisa. Zaƙami kuwa, wanda ba banza aka kira shi haukata-yaro ba, yana busar da maƙogwaro, ya buɗe ƙwayar ido, ya gusar da hankali, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai bugar da wanda zai kashe ba ta da faɗi. Yau an sami samarin da ke haɗa shi da ƙwaya. An sha jin waɗanda suka mutu wajen gwajin maganin bindiga, kuma kowanne ɗan wani ne. Al'adar da ta hana tambayar abin da ke cikin ƙoƙo ba ta da hanyar raba mai magani na gaskiya da mai neman kuɗin goro.

Ƙasar kanta ta sauya lissafin. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka bayyana kewayen Kano a matsayin yankin da ake noma kusan kowane taƙi duk shekara, gona na manne da gona, ana kai taki da jakuna. Bishiyoyin da suka rage na gona ne, ɗorawa, gawo, kuka, tsamiya, bagaruwa, kowace da mai ita. Babu kurmin da ƙwanƙwani zai hau, babu dajin da za a yi kwanan farauta sai an dangana da Falgore ko an bar jihar gaba ɗaya. Abin da ya rage a gida shi ne zomo da gafiya da farautar rani da karnuka. Rigar ta koma ta biki da sintiri. Layu na nan, don baduku na nan, amma ilmin dafi da makarinsa yana tafiya da tsofaffin da suka ƙi faɗa wa kowa sai ɗa, ɗan kuma yana Legas yana acaɓa.

Adabinmu bai taimaka ba. A Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da littattafan yaƙi da suka cika kasuwar Kano daga baya, ƙarfin jarumi ba shi ake yi, ko ya gada, ko ya ƙwato. Takobi na tsafi ne, zobe na aljani ne. Ba ka ganin jarumi tsugune gaban tukunya yana gwadawa, ta ƙi, ya sake. A tatsuniya ma, mai wayon haɗi shi ne manomin da ya gina mutum-mutumin danƙo ya kama Gizo, amma Gizo ake tunawa, manomin ko suna ba shi da shi. Marubutan Amurka da ba su da komai a hannu sai ruwan ƙarya sun nuna wa yara ɗalibi yana auna sinadari, yara suka tashi suna tambayar me ke ciki. Marubucin Kano da zai zauna wuni ɗaya a majema, ko ya bi tsohon maharbi a Kunci ko Makoɗa ya ji yadda ake gane ƙwayar da ta nuna, zai sami abin rubuta jarumin da kayansa na gaske ne, mai karatu kuma zai iya zuwa kasuwar garinsu ya sansana bagaruwa da hano ya tabbatar.