Littafin Malam Magili da ƙofar shugabanninmu

 

Ƴan'uwa, littafin da muka ɗauko a wannan fitowa ɗan ƙarami ne, ana iya karance shi tsakanin Magariba da Isha'i. Shi ne Tajud-Din fima yajibu alal muluk na Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan, wanda ya ratso ƙasar Abzin, ya zauna Takadda, kafin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Babi takwas ne, daga kyautata niyya har zuwa yadda ake kashe dukiyar jama'a. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ɗebi da yawa daga cikinsa a Liya'ul Hukkam.

Wani zai ce ina ruwan kwamitin masallaci da nasihar sarakuna? To ai wanda ya riƙe makulli da asusu, ya ke yanke wa zai yi tafsiri da azumi, shi ma akwai talakawa a wuyansa.

Abin da ya fi ƙarfi a littafin shi ne maganar da Malam ya yi ta nanatawa a ƙarshen babuka, cewa tushen ɓarna shi ne shugaba ya ɓuya wa mutanensa. A babin adalci ya fito da ita fili: dole sarki ya zauna kullum inda kowa zai iya isa gare shi, kuma naɗa alƙalai da wakilai bai ɗauke masa wannan ba, don sau da yawa ƙarar talaka a kan waɗannan wakilan take. Nan ne muka ga zurfin Malam. Ku duba namu hali. Matar da ke da koke kan malamin Islamiyya, wa ake tura ta wurinsa? Shi malamin, ko abokinsa. Ladan da aka riƙe wa ɗan abin da ake ba shi wata uku, sai an ce ya bi ta hannun ma'aji, alhali ma'ajin ne ya riƙe. Shugaba kuwa daga sallame salla ya saɓa rawani ya fita ta ƙofar liman. In an yi magana ya ce ai ƙofarsa a buɗe take. Wace ƙofa, wadda mata da yara ba su san hanyarta ba?

Amma ba duk abin da ke ciki za mu kwasa mu zuba a masallaci ba. Babi na biyu yana koyar da kwarjini: yadda sarki zai zauna, ya natsu, ya rage magana da dariya. Wannan ya dace da fada, inda ake gudun raini ya jawo tawaye. Matsalar ita ce wasu shugabanninmu wannan rabin kaɗai suka iya, ko da ba su taɓa buɗe littafin ba. Sun ɗauki ɗaure fuska addini. Haka babin binciken al'amura, inda sarki ke dogara da amintattu masu kawo masa labari. A ƙasa mai faɗi da maƙiya a iyaka, dole ne. A unguwa mai gida ɗari biyu kuwa, mai kawo labari sunansa magulmaci, kuma mun ga masallatai sun rabe biyu ta wannan hanya.

Akwai kuma gibi. Malam ya ambaci masu ba da shawara, amma bai daɗe kan yadda shugaba zai karɓi gyara daga na ƙasa ba tare da ya riƙe shi a zuciya ba. Wannan sai mu koma Sunna. Mutumin da ya fice daga sahu don Mu'azu ɗan Jabal ya tsawaita karatu a sallar Isha'i, da magana ta kai ga Manzon Allah (SAW), Mu'azu ya yi wa faɗa, duk da girman iliminsa. Manomi ne ya yini yana ban ruwa, aka saurari uzurinsa. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ma ta haɗa taushin hali da shawara wuri guda, kuma bayan Uhudu ta sauka, lokacin da mutane suka yi kuskuren da ya jawo asarar rayuka.

Muna ba malaman zaure shawara su karantar da littafin, amma su fara da babi na shida kafin na biyu. Su kuma tambayi kowane kwamiti rana da sa'ar da ya ware don sauraren jama'a, da wurin da mata za su zauna a ji su ba tare da ɗan aike ba.