Motoci takwas a ƙofar Damagaram: sake kallon La Croisière noire

A ranar 28 ga Oktoba 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu tafiya bisa ɗamarar roba a madadin tayoyin baya, suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka keta hamada, suka biyo ta Yamai da Zinder, wadda a lokacin ita ce mazaunin gwamnan Nijar, suka dangana da Tafkin Cadi. Tafiyar ta ƙare a Madagaska cikin Yuni 1925, fim ɗin da Léon Poirier ya ɗauka kuwa ya fito a 1926.

Ba za a hana wa Poirier yabonsa ba: ya iya ɗaukar hoto, kuma abin da ya adana na kamannin ƙasarmu a wancan zamani dukiya ce. Sai dai mai kallo ya tambayi kansa, wane ne gwarzon wannan labari? Mota ce. Kowace da tambarinta da laƙabinta; ta Haardt ana kiranta Scarabée d'or, wato buzuzun zinariya. Jama'ar da aka tara bakin hanya kuwa ado ne kurum. Mai zane Alexandre Iacovleff ya zana sarkin Damagaram, ya rubuta sunansa Barma Mata.

Abin da ya fi damuna shi ne da'awar keta dajin da ba hanya. Hanyar Zinder zuwa Cadi fatake da mahajjata sun daɗe da taka ta. Man fetur an riga an jibge shi zango-zango, a Kwango kuma dubban mutane aka sa suka sare kurmi kafin motocin su iso. Talla ce ta kamfani, da rigar ilimi a bisanta.

Malamin da zai nuna wa ɗalibai wannan fim, shawarata ya haɗa shi da Zinder na Aïcha Macky (2021), wanda aka ɗauka a unguwarmu ta Kara-Kara. Nan ma akwai hanyar daji da jarkokin fetur, na masu fasa-ƙwauri daga iyakar Najeriya, amma masu tuƙin su ne ke magana, da Hausarsu, kowa da sunansa.