Prehistoric Planet: Ashe Dangin Dainaso Suna Tsakar Gidanmu

Ranar da na gama kallon kashi na biyar na Prehistoric Planet, tsakar gida na fita na tsuguna a bakin akurki, na ƙura wa zakaranmu ido kamar ban taɓa ganin kaza ba. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, lafiya? Ko yanka shi za a yi?" Na ce mata a'a, zo ki ga ƙafar nan. Yatsu uku a gaba, kowanne da akaifa, ƙwauri lulluɓe da fata mai ɓawo-ɓawo irin ta kada. A kan yatsu yake tafiya, dunduniyarsa tana can sama ba ta taɓa ƙasa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya dunƙule yatsun, ya karkata kai ya kalle ni da ido guda. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, domin irin wannan kallon da irin wannan takun na kwana biyar ina gani a jikin halittun da masana suka ce sun bar duniya shekara miliyan 66 da suka wuce.

Yabon gwani ya zama dole, kuma yau ba zan yi rowarsa ba. Shirin ya fito a Apple TV+ a watan Mayun 2022, kashi biyar: gaɓar teku, hamada, koguna da tafkuna, ƙasashen ƙanƙara, sai dazuzzuka. Wasu biyar suka biyo baya a 2023. Sashen BBC mai ɗaukar fina-finan namun daji ne ya yi aikin, tare da Jon Favreau da kamfanin zanen kwamfuta na MPC, waɗanda suka yi The Lion King na 2019. Hans Zimmer yana cikin masu kiɗan. Muryar da ke ba da labari kuwa ta dattijo David Attenborough ce, yana da shekara 96 a lokacin, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada dabbar ta ji shi ta gudu. Amma duk cikinsu, wanda nake cire wa hula shi ne Darren Naish, masanin da ya jagoranci ba da shawara kan kimiyyar shirin. Shi da abokan aikinsa ne suka tsaya a kan cewa dainaso dabba ce, ba dodo ba, kuma duk mai son zana dabbar da ta mutu sai ya je makaranta wurin masu rai.

Kowane mahauci ya san dalili. Ɗauki ƙwarangwal ɗin raƙumi ka ba wanda bai taɓa ganin raƙumi ba, ka ce ya zana. Har abada ba zai sa masa tozo ba, domin tozo kitse ne, babu ƙashi a ciki. Ba shi ƙoƙon kan giwa, ina zai samo hancin nan mai lanƙwasa da naɗewa, ina zai samo kunnuwa kamar faifai? Ba shi kan dorina, sai ya zana maka wani aljani mai haƙora a waje, alhali dorinar gaske kumatu ne da leɓɓa jibge. Shekara da shekaru haka aka riƙa yi wa dainaso: a shimfiɗa fata a kan ƙashi, kowane rami na ƙoƙon kai a fili, haƙarƙari a ƙirge, kamar saniyar da ta sha rani. Naish da John Conway da C. M. Kosemen sun yi wa wannan ɗabi'a ba'a a littafinsu All Yesterdays na 2012, inda suka zana kyanwa da dorina da sauran dabbobin yau yadda mai zanen wani zamani zai zana su in ƙashi kawai ya samu. Ka gani ka yi dariya, daga baya kuma jikinka ya yi sanyi. A 2013 ma an ba da labarin wani dainaso mai bakin agwagwa da aka haƙo a Kanada da sawun zanko na tsoka zalla a kansa, irin na zakara, wanda ba don fatar ta wanzu ba da babu mai saninsa.

To ta yaya ake mayar wa ƙashi namansa? Mu nan mukan ce musu kakannin ƙadangaru, amma ƙadangare ɗan uwa ne na nesa. Makusantansu biyu ne: kada da tsuntsu. Hasali ma a wurin masana, tsuntsaye reshe ne na dainaso da ya tsira. A 1995 Lawrence Witmer ya tsara wannan hanya: ka sa dainaso a tsakiya, kada a dama, tsuntsu a hagu. Duk abin da su biyun suka haɗu a kai, kamar yin ƙwai da gadin sheƙa da kula da 'ya'ya, to mai yiwuwa ne ƙwarai na tsakiyar ma yana da shi. Tsoka kuma takan bar tabo a inda ta kama ƙashi. A cinyar kada akwai wani tudu inda ƙatuwar tsokar da ta taso daga wutsiya take kamawa, ita ke jan ƙafa baya in yana tafiya. Tudun nan yana nan a cinyar T. rex. Shi ya sa gindin wutsiyarsa a wannan shiri yake da kauri kamar kututturen kuka, ba siririyar bulalar da aka saba zanawa ba.

Kuma T. rex ɗin da aka buɗe shirin da shi, kai! Ba ruri, ba farauta. Uba ne yana iyo a teku, 'ya'yansa ƙanana masu gashi buzu-buzu kamar 'yan tsaki suna biye da shi, suna nufin wani tsibiri inda mushen ƙatuwar kififiya yake. Ƙirji faffaɗa, wuya jibgege, ciki na mai ci ya ƙoshi. Bakinsa a rufe, ba haƙori ko ɗaya a waje. Na dakatar da hoton na daɗe ina kallo. A Jurassic Park na 1993 haƙoran a waje suke kamar na kada. A nan kuwa an ba shi leɓɓa irin na damo da guza, waɗanda bakinsu cike yake da haƙora amma in sun rufe ba ka ganin komai. Akwai masanan da ke ja da wannan, amma shekara guda bayan fitowar shirin, a 2023, mujallar Science ta buga binciken da ya gwada girman haƙora da ƙoƙon kai a dangin T. rex da dangin guza, ya kuma duba yadda haƙorin kada ke zaizayewa ta gefen da ke waje, ya ƙarasa a kan cewa leɓɓan sun fi kusa da gaskiya. A kashi na uku kuma, wani tsohon namiji mai tabo ya haɗu da mace a bakin ruwa. Na zaci za a yi kaca-kaca. Sai ya ɗaga kai ya yi wani gurnani daga maƙogwaro, baki a rufe, irin na jimina da kada, irin wanda tattabara ke yi a kan katanga in an rage girma. Suka goga fuska da fuska. Ƙasusuwan hancin danginsu cike suke da ƙananan ramuka na jijiyoyi, alamar fuska mai saurin jin taɓi. Ni da na zo ganin dodo, sai ga ni ina murmushi ni kaɗai.

Ga Velociraptor kuma, wanda fina-finai suka mayar ƙato mai tsayin mutum, tsirara. Na gaskiya bai wuce talo-talo da doguwar wutsiya ba, kuma a 2007 an gano jerin ƙananan ƙuraje a ƙashin hannunsa, irin waɗanda manyan gashin fiffike ke kafuwa a kansu a jikin ungulu. A nan an tufatar da shi tsaf, tun daga kai har wutsiya. Wanda ya ce gashi zai rage masa kwarjini bai taɓa ganin shaho ya sauko wa kaza da 'ya'ya ba.

Amma wadda ta sace min zuciya ita ce Mononykus ta hamadar Mongoliya. 'Yar ƙarama, dogayen ƙafafu, kowane hannu da ƙatuwar akaifa guda. An ba ta fuska fara zagayayya sak ta farar mujiya. Tana tafe tana karkata kai tana sauraro, har ta ji motsin gara a cikin busasshen itace, ta fasa da akaifa, ta zura dogon harshe kamar dabgi. Fuskar nan ba ado ba ce. A 2021 Jonah Choiniere na jami'ar Wits a Afirka ta Kudu da abokan aikinsa sun leƙa cikin kunnen 'yar uwarta Shuvuuia da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, suka tarar sashen ji ya kai na farar mujiya. Daga kunne aka samo fuska. Wannan shi ne aiki!

Sai Carnotaurus na Ajantina, mai ƙahoni biyu da hannuwa guntaye har sun fi na T. rex ban dariya. Hannuwan ba su isa kama komai ba, amma gaɓar kafaɗarsu tana juyawa sosai. Me zai yi da su? Sai aka duba tsuntsayen da namijinsu ke share fili ya yi rawa. Ga basamude yana kwashe ganye yana gyara dandali kamar mai jiran baƙi. Mace ta iso. Ya miƙe, ya ɗaga kai sama, ya buɗe 'yan hannuwan, ashe cikinsu shuɗi ne shar, ya dinga kaɗa su yana juyi. Ta kalle shi, ta juya ta yi tafiyarta. Na yi dariya har da hawaye, na kuma tausaya masa, domin babu saurayin da bai san wannan tafiyar ba.

Wasu wuraren hasashe ne, kuma ba a ɓoye ba. Mazan Dreadnoughtus, masu tsawon kusan mita 26, an jera musu jakunkunan iska a wuya suna kumbura kamar balan-balan kafin su tashi tsaye su gwabza. Babu wanda ya haƙo jakar. Abin da aka sani shi ne ƙasusuwan wuyan danginsu cike suke da kogunan iska irin na tsuntsaye, kuma namijin tuje da na tattabara suna kumbura wuya in suna neman mace. Haka ƙaramin dainason da ya ɗauki itace mai wuta a baki ya jefa gaba don ya koro abin farauta: an aro shi daga labarin da 'yan asalin Ostareliya suka daɗe suna bayarwa game da shirwa, ita dai wannan shirwar da muke gani tana shawagi a kan gobarar daji. Kama da wane ba ta wane, na yarda. Amma hasashen da ke da ɗan uwa a raye ya fi tsohon zanen da ba shi da kowa.

Inda na tashi tsaye na tafa kuwa shi ne wurin Hatzegopteryx, ɗaya daga manyan masu fiffiken fata. Su ba dainaso ba ne, 'yan uwa ne na kusa, wasunsu in sun tsaya sun kai raƙumin dawa. Da can ana zana su suna shawagi a kan teku suna surar kifi. A 2008 Mark Witton da Naish suka duba wuya da baki da sawun ƙafa, suka ce a'a, a ƙasa suke farauta, suna taku suna tsince ƙananan dabbobi, suka kuma kawo misali da borin-tinke da burtu. Burtu fa! Tsuntsun da maharbanmu ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe. Da na ga wannan ƙato yana taku a hankali cikin daji, ya tsaya, ya duƙar da baki ya cafke, sai na ce lallai wani ya zauna ya kalli burtu da idon basira.

Ƙorafina guda ne, shi ma na kwaɗayi. Kashi goman nan sun tsaya a ƙarshen zamanin dainaso, don haka na Nijar ba su samu shiga ba, domin na Gadufawa a hamadar Tenere sun girme su da shekara miliyan arba'in da wani abu. Ina ma a ce waɗannan hannuwa sun taɓa Nigersaurus, wanda Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999, mai baki faffaɗa da haƙora fiye da 500, yana kiwo kai a ƙasa kamar saniya! Ko Suchomimus mai bakin kada, ko shi kansa ƙaton kada Sarcosuchus, wanda sai da Sereno ya je ya auna kadoji masu rai kafin ya ƙiyasta tsawonsa. Ƙasusuwan irin waɗannan halittu suna tsaye a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, suna jiran mai mayar musu da nama. Yaron da ke zane a bayan littafin makaranta a Agadas ko Zariya ya fi na Landan kusa da jimina, da guza, da raƙumi, da rumfar mahauta. Ya nemi shirin nan ya kalla, gani ya kori ji, sannan ya ɗauki fensir ya tafi kara.

Zakaran nan dai bai tsira ba, baƙi muka yi bayan mako biyu. Da aka kawo kwano, kowa ya kai hannu cinya. Ni kuwa ƙirji na laluba, na zare ƙashin nan mai reshe biyu, na wanke shi na ajiye a kan teburina. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, me za ka yi da ƙashi?" Na ce mata T. rex ma yana da irinsa a ƙirji, an haƙo an gani. Ta juya shi a tafin hannu, ta leƙa akurki, ta ce to ita daga yau ba za ta ƙara korar kaji da tsintsiya ba.