Jinjina ga Hadiza Gabon, jikar mutanen Mubi

Mutanen Mubi suna da hujjar cewa Hadiza Aliyu, wadda aka fi sani da Hadiza Gabon, tasu ce, domin mahaifiyarta Bafulatana ce 'yar asalin garin, ko da yake a Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, aka haife ta a 1989. Can ta tashi, da Faransanci ta yi boko, har ta koyar da shi kafin harkar fim ta ɗauke ta.

Abin yabon a nan yake. Yarinyar da harshenta ya saba da Faransanci ta shigo Kannywood a 2009 da fim ɗin Artabu, cikin masana'antar da 'yan kallonta ba sa yi wa kowa uzurin gurɓatacciyar Hausa. Kuskuren karin sauti ɗaya ya isa a yi ta tsokanar jaruma a majalisa. Ta dage har bakinta ya faɗa, ta iya zolaya da gatse da baƙar magana, waɗanda ba a koyonsu a aji. Wanda ya kalli 'Yar Maye ko Basaja ya san ba kyan fuska kaɗai ya riƙe ta ba. Ni dai na fi son ta a wasan barkwanci, inda harara guda take biyan buƙata.

A 2013 ta lashe kyautar Best of Nollywood, daga baya ta taka rawa a fim ɗin Lagos Real Fake Life. Ta kuma buɗe shirin hira, Gabon's Room, inda abokan sana'arta ke zama suna ba da labarin rayuwarsu da bakinsu.